Duwatsu Masu Makoki: Tambayoyi da Amsoshi kan Sassaƙen Cocin Faransa a Ƙarshen Zamanin Gotik

Duk wanda ya taɓa ganin hoton wasu mutum takwas na dutse, sanye da baƙaƙen alkyabbu, kawuna a sunkuye, suna ɗauke da gawar wani barde a kafaɗa, to ya riga ya ga irin aikin da ake magana a nan. Kabarin Philippe Pot ke nan, wani babban bafaden ƙasar Burgundi, a gabashin Faransa, da ya rasu a 1493, kuma shi da kansa ya sa aka sassaƙa masa tun yana raye. Yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Ga tambayoyin da masu karatu suka fi yi game da wannan sana'a da zamaninta.

Mene ne Gotik, kuma yaushe ne "ƙarshensa"?

Salon gini ne da ya faro a kewayen Faris wajen 1140, lokacin da shugaban gidan 'yan zuhudu na Saint-Denis, mai suna Suger, ya sake gina cocinsa da dogayen ginshiƙai, da bakan gizo mai tsini, da manyan tagogin gilashi masu launi. Sunan kuwa zagi ne a asalinsa. Marubutan Italiya na ƙarni na 16 ne suka danganta salon da ƙabilar Got da ta taɓa wawashe birnin Rum, ma'ana aikin jahilai. Zagin ya bi shi har ya zama suna.

Ƙarshen zamanin a Faransa ya kama daga wajen 1380 zuwa wajen 1530. A fannin gini ana ce wa salon lokacin flamboyant, wato mai harshen wuta, saboda yadda zanen dutsen tagogi yake lanƙwasa kamar wuta na ci.

Me ya raba sassaƙen wannan lokaci da na farko?

Wurin tsayuwarsu, kafin komai. A ƙofar babban cocin Chartres, wadda aka sassaƙa wajen 1145, mutanen dutsen dogaye ne, sirara, manne da ginshiƙi, sama da kan mai shiga. Kallon nesa suke yi, ba ruwansu da kai. A ƙarni na 15 sai suka sauko ƙasa. Suka rabu da bango, suka shiga ƙananan ɗakunan addu'a da asibitoci da maƙabartu, suka tsaya daidai tsayin mutum, inda za ka iya ganin jijiyar hannunsu da tamojin goshinsu.

Sai kuma tufafi. Masassaƙan ƙarshen Gotik sun mai da yadi abin magana. Mayafi mai nauyi, mai zurfin ninki, shi ke faɗa maka ko mai shi yana kuka ne ko yana daurewa, ko da ba ka ga fuskarsa ba. A ganina nan ne gwanintarsu ta fi fitowa, fiye da fuskokin ma.

Me ya kawo wannan sauyi?

Mutanen sun sha wuya. Annobar 1348 ta kashe kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanen Turai, kuma ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru. Yaƙi tsakanin Faransa da Ingila ya ja daga 1337 har 1453. Daga 1378 zuwa 1417 cocin kanta ta rabu, Fafaroma ɗaya a Rum, wani a Avignon. Wa'azin lokacin ya karkata ga ce wa mai ibada ya sa kansa a wurin da abin ya faru, ya ji zafin a jikinsa. A garuruwa kuma ana yin wasannin kwaikwayo na addini a dandali, wasu har kwanaki ake yi ana kallo, kuma masana da yawa na ganin alaƙa tsakanin jerin 'yan wasan da yadda ake jera mutanen dutse.

Amma kada a ɗora komai a kan baƙin ciki. Mafi yawan ayyukan da suka rage an yi su ne bayan 1450, da yaƙi ya lafa, kasuwa ta buɗe, 'yan kasuwa suka sami rarar kuɗi. Makoki ne aka sassaƙa, amma da kuɗin zaman lafiya.

Wane ne Claus Sluter da ake yawan ambata?

Abin dariya a tarihin sassaƙar Faransa shi ne, babban gwaninta na wannan zamani ba Bafaranshe ba ne. Sluter mutumin Haarlem ne a ƙasar Holand. Ya zo Dijon, babban birnin Burgundi, a 1385 aiki a ƙarƙashin Jean de Marville, da maigidan ya rasu a 1389 sai ya gaji shagon. Ubangidansu shi ne Philippe le Hardi, basaraken Burgundi, ɗan sarkin Faransa kuma ƙanin sarki, wanda ya auri magajiyar ƙasar Flandre mai arzikin saƙa. Da wannan dukiya ya kafa gidan 'yan zuhudu na Champmol a bayan garin Dijon a 1383, domin ya zama maƙabartar zuriyarsa, 'yan zuhudu ashirin da huɗu suna yi musu addu'a dare da rana.

A tsakiyar farfajiyar gidan Sluter ya kafa wani dogon gicciye a kan ginshiƙi mai fuska shida, tsakanin 1395 da 1405. Saman ya lalace tun kafin juyin juya halin Faransa na 1789. Gindin ne ya rage, kuma da yake a cikin ruwa yake tsaye sai aka sa masa suna Rijiyar Musa. A kowace fuska akwai annabi guda daga cikin na Tsohon Alkawari: Musa, Dauda, Irmiya, Zakariya, Daniyel da Ishaya. (Wannan Zakariyan ba mahaifin Yahaya ba ne, wani ne da ya riga shi da ƙarnuka, mai littafi a Baibul.) Kowanne na riƙe da takarda mai ɗauke da ayar da Kiristoci suke fassarawa a matsayin bushara da wahalar Almasihu. Tsofaffi ne na gaske. Ishaya mai sanƙo ne, ya karkatar da kai kamar mai nauyin ji. Daniyel ya juya gare shi yana nuna takarda kamar ana musu. Takardun lissafin fadar sun nuna an biya wani maƙerin zinariya kuɗin tabarau na ƙarfe da aka yi wa Irmiya. Sama da su mala'iku shida ne suna kuka, aikin ɗan 'yar'uwar Sluter, Claus de Werve.

Sluter ya rasu wajen 1406. Shekara ɗari bayansa ana ta kwaikwayon manyan mayafansa.

Me ya sa aka yi wa Musa ƙaho?

Kuskuren fassara ne ya zama al'ada. Littafin Fitowa, sura ta 34, ya ce fuskar Musa tana haske da ya sauko daga dutse. Kalmar Ibrananci da ke nufin fitar da haske tushenta ɗaya da kalmar ƙaho, sai Jerome, wanda ya mayar da Baibul zuwa Latin a ƙarshen ƙarni na 4, ya zaɓi ƙahon. Masu zane suka bi Latin. A wurinsu alamar girma ce, ba izgili ba.

To waɗannan ba gumaka ba ne? Bauta musu ake yi?

Tambaya ce da dole mai karatu Bahaushe ya yi, Musulmi ne ko Kirista, domin Musulunci ya hana suranta annabawa, kuma coci-coci da yawa a ƙasar Hausa ma ba sa ajiye mutum-mutumi. Amsar cocin Katolika ita ce, girmamawar da aka yi wa sura tana wucewa ne zuwa ga wanda aka suranta, bauta kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Haka taron malaman coci na Nikiya ya yanke a shekara ta 787. Tun kafin nan, wajen shekara ta 600, wani bishop na Marseille mai suna Serenus ya farfasa hotunan cocinsa don ya ga mutane na durƙusa musu. Fafaroma Gregori ya rubuta masa cewa hana bautar daidai ne, amma fasawar kuskure ce, saboda hoto shi ne littafin wanda bai iya karatu ba.

Wannan ita ce koyarwa. Abin da talaka yake ji a ransa yayin da ya kunna kyandir gaban wata surar Maryamu da ake cewa tana warkarwa, wannan wani zance ne, kuma Kiristocin kansu sun yi faɗa a kai har da zubar da jini, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Su wane ne "masu makoki" na Dijon?

Ƙananan mutane ne na dutsen alabasta, kowanne tsayinsa kamar santimita 40, guda arba'in, da ke kewaye kabarin Philippe le Hardi. Faransawa na ce musu pleurants, masu kuka. Da can ma akan sassaƙa masu makoki a jikin kabari, amma manne da bango, kowa a akwatinsa. A nan sai aka sake su suna tafiya a cikin wata 'yar rumfa mai ginshiƙai, kamar jerin masu rakiyar gawa: yara masu hidimar coci a gaba, sai bishop, sai 'yan zuhudu, sai dangi da bayin fada. Wani na share hawaye da gefen alkyabba. Wani ya kama hanci da yatsu. Wani ya juya yana rarrashin na bayansa, wani na jan carbi, wani ya ja hular alkyabbar ta rufe fuska ruf. Babu biyu da suka yi kama. Wanda ya taɓa zama wurin ta'aziyya zai gane kowannensu.

An fara kabarin a 1384, basaraken ya rasu a 1404, Claus de Werve ya kammala a 1410. Na ɗan basaraken, Jean sans Peur, wanda aka kashe a gadar Montereau a 1419, ya fi shan jinkiri. Wani ɗan Sifaniya, Jean de la Huerta, ya karɓi aikin a 1443, ya gudu ya bar shi a 1456, sai Antoine le Moiturier na Avignon ya ƙarasa a 1470, shekara hamsin da ɗaya bayan kisan.

Kabarin Philippe Pot, wanda aka yi wajen 1480 domin gidan 'yan zuhudu na Cîteaux, shi ya kai wannan tunani maƙura. Masu makokin sun girma sun kusa kai tsayin mutum, kuma su ne ke ɗauke da falalen dutsen da mamacin yake kwance a kai. Kowanne na riƙe da garkuwa mai tambarin gidan kakannin mamacin. Har a makoki ana nuna asali.

Mene ne Mise au tombeau?

Ma'anarsa sawa a kabari. A aƙidar Kirista an gicciye Yesu Almasihu, aka sauke shi, aka binne kafin ya tashi. Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, amma sai an san labarin yadda Kiristoci ke ba da shi kafin a fahimci sassaƙen. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina: gawa a kwance kan likkafani, Yusufu mutumin Arimatiya a wajen kai, Nikodimu a wajen ƙafa, suna riƙe da bakin likkafanin. A baya Maryamu ce, almajiri Yohanna yana tallafe da ita, sai Maryamu Magadaliya da tulun turare, da wasu mata. Mutum bakwai ko takwas, girman mutane na gaske.

Guda uku sun isa misali. Na asibitin Tonnerre, wanda wani attajirin garin, Lancelot de Buronfosse, ya biya, Jean Michel da Georges de la Sonnette suka gama a 1454. A tuna cewa a ginin da majinyata ke kwance aka ajiye shi, dab da zauren da tsawonsa ya kusa mita 90, inda mutuwa ba baƙuwa ba ce. Na gidan 'yan zuhudu na Solesmes, mai ɗauke da shekarar 1496, an fi saninsa da Magadaliya da ke zaune ita kaɗai a gaba, hannaye a haɗe, ba ta kallon kowa.

Na uku shi ne na Chaource, wani ƙaramin gari a yankin Champagne da yawancin Faransawa suka fi sani da cukunsa. An yi shi a 1515 da kuɗin Nicolas de Monstier da matarsa Jacqueline de Laignes. Sai ka sauka 'yan matakala, ka sunkuya ka bi ta wata gajeriyar ƙofa, ka ɗago kai ka tarar da sojojin gadi na dutse a tsaye dab da kai. Babu mai ihu a cikin matan, babu mai yage tufa. Leɓuna a rufe, idanu a ƙasa. Ba a san sunan wanda ya yi shi ba, shi ya sa ake ce masa Gwanin Chaource kawai, kuma ana danganta masa surar Marta da ke cocin Sainte-Madeleine a Troyes. In da za a ce in zaɓi aiki ɗaya daga duk zamanin, wannan zan ɗauka, ko da Sluter ya fi shi suna.

Surar Maryamu rungume da gawar ɗanta fa, ba ta Italiya ba ce?

A'a, daga ƙasashen Jamus ta fito wajen 1300, ta bazu a Faransa a ƙarni na 15 da sunan Vierge de Pitié. Babu wannan yanayi a cikin Linjila, tunanin masu ibada ne ya haife shi. Wadda Michelangelo ya sassaƙa a Rum a 1498 zuwa 1499, da duniya ta fi sani, wani kadinal Bafaranshe ne ya ba da kwangilarta, Jean de Bilhères, domin kabarinsa.

Da ma can farare ne haka?

Kusan duka fenti gare su, mai ƙarfi kuwa: shuɗi, ja, kore, da zinariya da aka buga ta yi laushi kamar ganye aka manna. Mai fentin fada Jean Malouel ne ya shafe Rijiyar Musa, har yau ana ganin ragowar launin. Akan kwaikwayi yadin alharini mai ado ta hanyar manna siraran faranti na kuza masu zane a kan dutse sannan a shafa zinariya. Ruwan sama da hayaƙin kyandir sun ci wasu, wasu kuma mutanen ƙarnukan baya ne suka kankare da gangan don sun ɗauka farin dutse ya fi daraja.

Wanda ke son ganin yadda abin yake a da, ya nemi hotunan babban cocin Albi a kudu. Katangar da ta kewaye wurin limamai, wadda Bishop Louis d'Amboise ya sa aka yi a ƙarshen ƙarni na 15, tana ɗauke da mutanen Tsohon Alkawari ta waje, na Sabon Alkawari ta ciki, da launinsu. Judit da Esta sun sha ado kamar matan fada. A Toulouse kuma akwai Nostre Dame de Grasse, wata Maryamu yarinya ƙarama mai fuskar damuwa, ta juya gefe guda, jaririn da ke cinyarta ya juya ɗaya gefen kamar zai zame.

Da wane irin dutse, da waɗanne kayan aiki?

Mafi yawa dutsen farar ƙasa ne, kowane yanki da nasa: na Tonnerre da na Asnières a Burgundi, na Caen a Normandi, alli mai taushi a Champagne, da tuffeau a bakin kogin Loire. Yana da laushi idan an haƙo shi da ɗanyen ruwansa, ya taurare in ya sha iska. Ƙananan ayyuka masu tsada akan yi su da alabasta, murfin kabari kuma da baƙin mabul na Dinant a Beljiyam ta yau. Dakon dutse kan ci kuɗi sosai, shi ya sa ake bin kogi da shi duk inda hali ya yi.

Yankin Bretagne ya fita daban. Can dutsen giranit ne, mai taurin kai, sai wani baƙin dutse da ake kira kersanton wanda ya fi karɓar sassaƙa. Da su aka yi manyan gicciye na filin coci masu ɗauke da taron mutane, irin na Tronoën na wajen 1450 zuwa 1470, wanda iskar teku ta suɗe fuskokinsa.

Kayan aiki ba su da yawa: guduma, tsinken ƙarfe na fasa dutse, cizal mai haƙora da marar haƙora, magagari, da abin huda na zurfafa gashi da ninkin tufa. Bayan surar, in za ta jingina da bango, akan bar shi ba gyara ko a rarake shi don rage nauyi. Sunan masu sana'ar a lokacin imagier, mai yin sura, kuma tun yana yaro yake shiga hannun maigida.

Gaskiya ne akwai kaburburan da aka sassaƙa ruɓaɓɓiyar gawa?

Akwai, sunansu transi. Kadinal Jean de La Grange, wanda ya rasu a Avignon a 1402, ya sa an sassaƙa shi a ƙasan kabarinsa tsirara, fata ta manne da haƙarƙari, da rubutu mai tambayar mai wucewa dalilin girman kansa alhali shi ma abincin tsutsa ne. Sai dai kabarin da ke ɗauke da wannan wa'azi na ƙanƙan da kai yana cikin mafi tsayi da tsada a zamaninsa.

Yaushe salon ya ƙare?

Bai mutu rana ɗaya ba. Sarki Charles na 8 ya kai yaƙi Italiya a 1494 ya dawo da masu sana'a da sha'awar adonsu. Michel Colombe na Tours, yana da shekara sama da saba'in, ya sassaƙa kabarin François na 2 na Bretagne da matarsa tsakanin 1502 da 1507, bisa umarnin 'yarsu Sarauniya Anne. Mabul ɗin da adon gefen na Italiya ne, amma mata huɗun da ke tsaye a kusurwoyi, masu wakiltar adalci da ƙarfin zuciya da kamun kai da hangen nesa, fuskokin matan Loire ne. Ta hangen nesa tana riƙe da madubi, a ƙeyarta kuma akwai fuskar tsoho mai gemu. Kabarin yana babban cocin Nantes.

A Brou, kusa da Bourg-en-Bresse, Marguerite ta Ostiriya ta gina coci tsakanin 1506 da 1532 don mijinta Philibert, Bajamushe Conrad Meit ya sassaƙa manyan surorin. Lokacin yankin na Savoie ne, sai 1601 ya shiga Faransa. Ƙauyukan Bretagne kuwa ba su ji labarin an daina ba: gicciyen Guimiliau na 1581 zuwa 1588 ne.

Me ya sa da yawa ba su da kai ko hannu?

Sau uku aka yi musu ɓarna. A 1562, farkon yaƙin addini, mabiya Calvin da ake kira Huguenot sun bi coci-coci a Lyon da Orléans da Rouen da wasu garuruwa suna sare kawunan surori, don a wurinsu gumaka ne. Na biyu limaman Katolika ne da kansu: a ƙarni na 17 da na 18 sun rushe mafi yawan katangun jubé da ke raba limamai da jama'a domin kowa ya ga bagadi, sassaƙen da ke jiki suka tafi tare da su. Kaɗan suka tsira, kamar na Sainte-Madeleine a Troyes da Jean Gailde ya yi daga 1508 zuwa 1517, da na Albi. Na uku juyin juya halin 1789, musamman 1793, lokacin da duk abin da ke da kambi ko tambarin sarauta ya zama abokin gaba. An sayar da Champmol aka rushe cocinsa, daga baya wurin ya zama asibitin masu taɓin hankali. Wani mai zane, Alexandre Lenoir, ya tattara abin da ya iya ceta a Faris ya buɗe gidan tarihi da su a 1795.

A ina za a gan su yau?

A Faris, Louvre da gidan tarihi na Cluny. A Toulouse, gidan tarihi na Augustins. A Amurka, gidan tarihi na Metropolitan a New York yana da Mise au tombeau na fadar Biron, huɗu daga masu makokin Dijon kuma suna Cleveland. Na Chaource da Tonnerre da Solesmes da Albi suna nan inda aka ajiye su tun farko, kuma sun fi daɗin gani a haka, da duhunsu da sanyinsu.

Mai kwana ɗaya kacal ya hau jirgin ƙasa mai sauri daga Faris zuwa Dijon, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Rijiyar Musa tana cikin harabar asibitin har yanzu, ana barin baƙi su shiga. Kaburburan biyu suna tsohuwar fadar sarakunan Burgundi a tsakiyar gari, a zauren dogarai, shiga kyauta ne. Masu makokin suna ƙasa da ƙugun mutum, don haka sai an tsuguna. Ta ƙasa ne ake hango cewa wasu daga cikin waɗanda hula ta rufe, an sassaƙa musu fuska a ciki.